Allurar da Na Sa wa Faifan Baba

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Ummaru, telan kasuwar Boɗinga, kuma har yau ban gama jin kunyarsa ba.

Mahaifinmu makaɗin noma ne. A zamanin Turawa aka ɗauki muryarsa a faifai, bai daɗe ba ya rasu. Faifai ɗaya tak ya zo hannunmu. Yaya ya sayi garmaho saboda shi, amma bai yarda allurar ƙarfe ta taɓa shi ba, wai tana cin faifai. Ƙayar aduwa yake fiƙewa ya sa. Muryar takan fito can ƙasa-ƙasa, sai ka matso. Ni kuwa, uwar gaggawa, wannan lallaɓawa haushi take ba ni.

Ranar sunan ɗana Bello ya ɗauko garmahon har gidan aurena a Shagari. Yana tafiya masallaci mata suka fara ƙorafin ba sa ji. Na cire ƙayar, na ɗaura allurar keken ɗinki. Muryar Baba ta cika gida, na yi ta maimaitawa ina taƙama, har baƙin garin faifan ya fara taruwa a bakin allurar.

Da Yaya ya dawo ya shafa faifan, ya dubi yatsansa.

"Hajo, da mi kinka buga shi?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Ba komi. Na hardace waƙar."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Bello, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, ya sauya wa garmahon Yaya kan allura na zamani, ya haɗa da ɗan akwatin ƙara sauti. Da Yaya na nan, da ya yi murna an ƙera allura mai tausayi. Muka ɗora faifan bara. Abin da ya fito da ƙarfi ɓarnata ce, ƙara kawai kamar ana suya. Na yi kuka.

Bayan ranar sunan nan, duk lokacin da na je Boɗinga, Yaya kan rera mini waƙar a hankali yana taka keke, kamar ba da ni yake ba. Yanzu in na nemi muryar Baba a zuciyata ba na samunta. Ta Yaya ce ke amsawa. Allah ya jiƙansu su biyu.