Littafin da Tela Ya Ɗinke

Lokacin da muke samari a Ƙofar Marusa ta Katsina, littafi ba ya zuwa hannunka da ƙarshensa. Kafin ya iso gare ka ya bi ta hannun mutum goma, bangon baya ya tafi, shafukan ƙarshe sun bi shi. Wani lokaci aikin ɓera ne, wani lokaci na mai tsire da ke neman takardar naɗe nama. Za ka yi kwana huɗu kana bin mutanen da suka hau jirgi zuwa wata duniya, iska ta kusa ƙare musu, shugaban jirgin ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa, sai ka juya shafi ka tarar da tafin hannunka. A wancan zamani wanda ya san ƙarshen labari mutum ne mai daraja. Akwai wani akawu da muke takawa har Ƙofar Kaura mu same shi, mu durƙusa, mu tambayi gida da gajiya da iyali, sannan mu ce, "Malam, don Allah ya buɗe ƙofar?" In ya gaya mana mu yi masa addu'a. Faɗin ƙarshe sadaka ce. Yanzu kuwa littafi cikakke yake zuwa, wani ma a cikin waya, kuma wanda ya faɗi ƙarshe kallon da ake masa shi ne na wanda ya tsoma hannu a miyar mutane. Ni dai ba wanda ya aiko mini da sanarwa ranar da aka canza.

Daga wancan zamani na ɗauki ɗabi'ar da na yi ta yawo da ita ƙasashe. Aikina tafinta ne, na bi 'yan kasuwar fata da ƙiraga shekaru da yawa, ina juya musu Larabci da Faransanci da Turanci. Duk inda na sauka, da na sayi littafin tafiya taurari ko na duniyar aljanu, shafin ƙarshe nake fara karantawa, a tsaye, kafin in bar gaban mai sayarwa. In ɓera ya zo daga baya, ya zo a makare. A Alƙahira ban ga wanda abin ya dama ba, don a gidan shayinsu mutum uku ne ke ba ka ƙarshe a lokaci guda, kowa da nasa. A Marsai ta ƙasar Faransa wani tsoho mai shagon littattafai ya ƙwace littafi daga hannuna ya ce in fita, na ɗauka wariyar fata ce. Sai bayan shekara talatin na fara zargin cewa laifina ne.

Da na dawo gida na ajiye jaka, sai na rasa abokin hira. A majalisarmu ta bayan la'asar ana maganar taki da siyasa da hawan jini. Ran da na ɗauko zancen wata duniya mai rana biyu, wani Alhaji ya dube ni da tausayi ya ce guda ɗayan ma ta ishe mu. Haka na zauna da littattafaina kamar mai ɓoye ciwo.

Jikata ce ta fitar da ni. 'Yar babban ɗana ce, tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, kuma tun tana ƙarama ba ta raga mini, ni ma ba na raga mata, kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika. Ni ina ce mata amarya, ita tana ce mini tsohon miji. Wata Asabar ta ce, "Tsohon miji, sa hula, zan kai ka inda masu irin ciwonka suke taruwa."

Gidan wata ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, 'yar Filato, kowa Sista yake ce mata. Shekara arba'in ta yi a Katsina, Katsinancinta ya fi nawa da tafiye-tafiye suka gurɓata. A barandarta ta Ƙofar Kaura mutum takwas zuwa goma ke haɗuwa duk Asabar da hantsi, ana shan zoɓo, kowa ya faɗi abin da yake karantawa da wanda yake ganin ya kamata a nema. Akwai wani tela mai son labaran tsafi da tsofaffin dauloli, akwai wani malamin gona da ke zuwa a babur daga Batagarawa, shi kuma na'urori da taurari ne nasa. Na zauna na ji mutane suna gardama da gaske a kan ko aljani zai iya zama a jirgin da ya wuce wata, sai na ji idona ya cika. Na ce zoɓon ne ya yi citta da yawa.

A zama na biyu tela ya ɗaga littafinsa ya ce ya kai rabi. Labarin wata mata ce mai saƙa taswira, duk ƙasar da ta saƙa sai a wayi gari ta bayyana, da kogunanta da mutanenta. Yana magana yana shafa bangon littafin don daɗi. Na san littafin, na karanta shi da Faransanci. Tausayinsa ya kama ni, na ga bawan Allah a tsakiyar kogi ba kwalekwale. Na gyara murya na ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Zaren da take saƙar da shi kwanakin ranta ne. A ƙarshe za ta warware ƙasar duka don ta ceci 'yarta."

Tela ya rufe littafin a hankali, ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Na ce, "Amin, ba komai." Na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Mako na gaba na taimaki malamin Batagarawa. Nasa labarin manoma ne a wata duniya mai nisa, da na'urar da ke gaya musu ranar da ruwa zai sauka. Na sanar da shi cewa na'urar ƙarya take musu shekara arba'in don kada su karaya. Ya cire hula ya share goshi, ya ce, "Madalla, Baba." Sista ma na taimake ta, sau biyu.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk lokacin da na gyara murya, mutane na sunkuyar da kai. Ni na ɗauka ladabi ne, kuma ladabin ne, nan matsalar take. A Katsina ba a katse dattijo. In mai furfura ya fara magana, ko gini yake rushe maka, sai ka jira ya kai aya ka ce Allah ya ƙara girma. A Marsai an kore ni cikin daƙiƙa ɗaya. A garinmu sai da na yi wata uku ina ɓarna ana yi mini godiya.

Sannu a hankali zaman ya fara lalacewa. Ka tambayi mutum me yake karantawa, ya ce ai kwanan nan aiki ya yi yawa. Tela ya zo da littafi a naɗe cikin ƙyallen shadda, ya zauna a kansa. Malamin Batagarawa ya ce shi yanzu littafin kiwon kaji yake dubawa, na ce masa ai a ƙarshe yanka su ake yi, ba wanda ya yi dariya. Daga mutum goma muka koma biyar, muka koma uku.

Wata Laraba na je Ƙofar Kaura gaisuwar wani abokina da ya dawo daga asibiti. Da na fito zan wuce ta ƙofar gidan Sista, sai na ga babur ɗin Batagarawa a jingine. Na ga takalma sun fi ƙafa ashirin a bakin baranda. Daga ciki ina jin muryar tela yana ba da labari, ana ta shewa. Na yi sallama.

Ban taɓa ganin littattafai sun ɓace da sauri haka ba. Wani ya tura nasa cikin riga, wata ta rufe nata da faranti. Sista ta taso tana cewa, "Lale, Alhaji, sannu da zuwa, ina gajiya, ya gida, ya iyali, ya ƙafar?" Ta yi ta jan gaisuwar tana ƙara mata gwiwa da baya da idanu, don a samu lokacin ɓoye sauran. Na amsa duka, na sha ruwa, na ce sauri nake. A hanya na gane cewa Asabar ɗin da nake zuwa ta zama ta mutum uku da ake sa wa rana su zauna da ni, kamar masu jinya.

Ban ci abincin kirki ba ranar. Na yi shekara arba'in ina neman waɗannan mutane, na same su, sun gudu zuwa Laraba.

Da yamma jikata ta shigo. A Larabar nan ita ma tana cikinsu, na ga takalminta. Ta zauna a bakin tabarmata ba tare da an ce ta zauna ba.

"Tsohon miji, an ce ka kama mu."

"Amarya, mi na yi masu?"

"Kai ɓarawo ne."

"Ni? Mi na sata?"

"Tela ya yi sati biyu yana ɗinki da rana yana karatu da asuba, ka zo ka sace mashi ƙarshen a numfashi ɗaya. Ya ce da ya koma gida ya buɗe littafin, ji ya yi kamar tuwon jiya ba miya. Kowa yana son ya hwaɗa maka, ba mai iyawa. Sista ta ce ita baƙuwa ce, shekara arba'in ba ta kai ta katse Alhaji ba. Shi ya sa aka zuba mani ido, ni da na kawo ka tun farko, an ɗauka zan iya da kai. Na bar ka ne in ga iya gudun ruwanka."

Na ce taimako nake yi. Na ba ta labarin akawu da mai tsire. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba, sannan ta ce, "To yanzu mai tsire jarida yake amfani da ita. Yaushe rabonka da karanta littafi ba ka san ƙarshensa ba?"

Na yi lissafi. Tun kafin a haifi ubanta.

Sharaɗin da suka yanke ta kawo mini washegari. Littafi ne sabo da ban taɓa gani ba, labarin wani tsohon tafinta da ke kai saƙo tsakanin duniyoyi biyu masu gaba, yana rage zafin maganar kowane ɓangare kafin ya isar, don kada a yi yaƙi. Na juya baya kamar yadda na saba, sai na ji yatsana ya tokare. Tela ya ɗinke shafuka talatin na ƙarshe da zare mai ƙarfi, ɗinki ƙanana a jere, irin wanda ake yi wa wuyan babbar riga. Zan karanta har inda ɗinkin ya fara, in kawo a duba ba a taɓa ba, a warware a gabana, in ƙarasa. Sannan ranar Asabar in tallata littafin ba tare da na faɗi ƙarshe ba. In na ci, a dawo da zama ɗaya. In na faɗi, Laraba ta tabbata.

Kwana takwas na yi a wahale. Tafintan nan ya shiga raina, don ni ma na taɓa mayar da "kai maƙaryaci ne" ta koma "Alhaji yana ganin a sake duba lissafin" a wani ɗakin ciniki a Hartum. A babi na tara wani yaron sarki ya fara koyon harshen ɗaya ɓangaren a ɓoye. Asirin tsoho zai tonu. Na ɗaga littafin a rana ko zan hango wani abu ta cikin takarda. Na ɗan buɗa tsakanin ɗinki biyu da tsinken sakace, na ga kalma ɗaya, "amma". Na kira tela a waya na yi masa gaisuwa mai tsawo, na tambayi mahaifiyarsa da kasuwa, sannan na ce, "Ɗana, an kama shi?" Ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," ya kashe. Ashe kalmar tana da wani amfanin.

Ranar Juma'a bayan masallaci tela ya zo da jikata. Ya duba ɗinkinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a inda tsinke ya shiga, ya dube ni, ya wuce ɗinki na gaba saboda girma. Ita kuwa ta ce, "Ka ga tsohon banza ko?" Aka warware. Na karanta shafuka talatin ɗin a zaune a gabansu. A shafi na ashirin da shida na yi salati da ƙarfi har kaji suka watse a tsakar gida. Ban san littafi yana iya yi wa mutum haka ba. Ko in ce na sani, na manta tun ina saurayi.

Asabar baranda ta cika. Jikata ta zauna kusa da ni da murfin tukunya da ludayi a cinyarta. Na faɗi yadda labarin ya fara, na faɗi halin tafinta, na kwatanta shi da wani da na karanta da Larabci wanda bai kai shi ba. Na ga idanu sun buɗe, na ga malamin Batagarawa ya matso. Tausayin nan ya taso mini, tsohon tausayi. Na gyara murya. Kawuna suka fara sunkuyawa.

"To shi yaron sarkin nan, ashe..."

Ƙarar murfin tukunya ta tashi har maƙwabta suka leƙo.

"Rufe baki, tsohon miji!"

Bakina a buɗe, maganar tana kan harshena, tana da daɗi kamar zuma. Na dubi tela, na ga ya toshe kunnuwa da yatsu amma kansa a sunkuye don ladabi. Na haɗiye. Na ce, "Ashe... sai ku nema ku karanta."

Sista ta yi guɗa irin ta mutanensu. Mutum huɗu suka miƙo hannu a lokaci guda suna neman aron littafin, malamin Batagarawa ya riga su.

An soke zaman Laraba. Murfin tukunyar yana nan a barandar Sista, an rataye shi a ƙusa, kuma jikata kaɗai ke da izinin taɓa shi. In ba ta samu zuwa ba, ni da kaina nake cewa a tsallake ni. Tun daga ranar ban sake buɗe littafi ta baya ba, ban kuma sake gaya wa kowa ƙarshen labari ba.