Kawu Sale da Dangin Ƙetare

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa na metro da Kawu Sale ya sha kunya! Da ya hango baƙar fata, sai ya gyara hula ya nufe shi da hannu a miƙe: "Barka da dawowa, ɗan'uwa!" A wurinsa, duk baƙin mutumin Amurka ko Jamaika jininmu ne da jirgin bayi ya kwashe, kuma shi aka ɗora wa gano asalin kowa. Direban kamfani ne fa kawai, ɗan zangon Kumasi, ɗakinmu ɗaya a unguwar Abu Hail, can ƙasar Larabawa inda muke ci-rani.

Wata rana a unguwar Deira ya tare wani dogon saurayi mai kitso da baƙin tabarau. Ya zagaye shi, ya ce mini, "Habu, dubi goshin nan. Wallahi daga Katsina aka sace kakansa." Ya shiga yi masa Turanci yana share ƙwalla.

Saurayin ya ce, "Baba, ni ɗan Fagge ne, kago nake yi, aika kayan 'yan kasuwa gida."

Kawu ko gezau! "Ka gani? Wannan har ya dawo gida."

Sai kuma Paulo, ɗan Brazil da suke aiki tare, ya kawo masa abincin garinsu. Kawu ya gutsura ya rafka salati: "Ƙosai! Ƙosanmu ne!" Paulo ya ce sunansa akaraje.

"Sunansa ƙosai. Kun tafi da shi kun baro kokon, shi ya sa duk kuka rame."

Paulon da sai ya karkace yake shiga ƙofarmu!

Kowace Fabrairu, watan tunawa da tarihin baƙar fata, yakan cika tukunya da wake da shinkafa, ya zauna kan murfin, babu mai ci sai an saurari lacca. Rannan ya yi nisa har ya ce kakanninmu ne suka ƙirƙiro firiji.

Na ce, "Haba Kawu, firiji kuma?"

"Randa fa? Khalas, ya isa, yi mini shiru!"

Daga baya ciwo ya kwantar da Kawu. Zuwana na ƙarshe asibiti, muryarsa da ƙyar take fita. Ya riƙe hannuna ya ce, "Habu, waɗanda aka jefa cikin teku daga jiragen bayi, babu wanda ya yi musu salla. In za ku yi mini addu'a, ku haɗa da su."

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya jiƙan waɗanda ba mu san sunayensu ba, ya haskaka makwancinku baki ɗaya.