Kawu Saje da Gonar Surukin Tanko

Ina tsinkar zogale a tsakar gida ranar Talata da hantsi Malam Audu ya yi sallama. A zaure ya tsaya, ya ce a gaya wa Inna yayanta, Kawu Saje Bawa, ya cika a Mahuta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya je duba wani saurayi mai gudu ne, zazzaɓi ya kayar da shi a can.

Ni ba na iya magana cikin mutane, shi ya sa na rubuta.

Tun da ya bar soja, Kawu ne mai nemo wa ƙungiyar ƙwallon garinmu 'yan wasa. Malam Audu ke koya musu, shi ke zaɓen masu shiga fili. Malam 'yan makaranta yake so, masu sanin doka. Kawu kuwa gona-gona yake bi a keke, ya tsaya inda ake golmo, noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Wanda ya kai ƙarshen gona bai dafa ƙugu ba, shi ne nasa. Yakan ce, "Ni huhu nika kawowa, Malam shi zuba hankali." Kullum suna musu, amma bai taɓa sa baki a zaɓen Malam ba.

Haka ya samo Tanko. Ranar farko Tanko ya rungumi ƙwallo ya sheƙa da ita, Malam ya ce a mayar da shi gona. Kawu ya roƙi wata biyu. Kafin su cika, Malam da kansa ya sa shi a gaba.

Sai wasanmu da 'yan Danko ya faɗo ranar Asabar ɗin da baban Kande, budurwar Tanko, ya tsayar don huɗar dawarsa. Tsohon ya rantse in Tanko bai zo ba, shekara biyar ɗin da ya yi yana masa golmo sun tashi a banza. Ina karanta 'yan littattafan masoya a ɓoye, amma babu wanda ya taɓa hana ni cin tuwo irin wannan labari.

Kawu ya ce ƙungiya ta je ta yi huɗar kafin Asabar. Malam ya ce a sa wani kawai a madadin Tanko, kada a gajiyar da 'yan wasa. Kawu ya ce, "Mu munka ɗauko yaro daga gona, Malam. Ba mu raba shi da yarinya, ba mu kuma shiga fili babu shi."

Ranar Alhamis da sassafe ƙungiyar gaba ɗaya ta dira a gonar da garemani. Can sai ga Malam a baya, cikin farin wandonsa. Kafin azahar sun gama tas. Tsohon ya dubi tafin Malam da ya yi bororo, ya ce, "Malam, da kai ne ke golmo, ko akuya ban ba ka."

Ranar Asabar Tanko ya jefa biyu a raga. Kande ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na yi ta ihu har mayafina ya faɗi. A hanyar gida Kawu ya dube ni yana dariya, ya ce ashe ina da murya.

Tanko ne ya haƙa kabarin. Bai yarda kowa ya karɓi magirbin ba sai Malam. Bayan sadakar bakwai, Malam ya ari keken Kawu ya nufi Mahuta, ya ce bari ya ga huhun da Saje ya je nema.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba Inna da matarsa Gwaggo da 'ya'yansa haƙuri, ya kai mu bikin Tanko da Kande bayan kaka.