Turaren barkonon da na yi wa Kawu

Sama da wata guda Yayana ya yi a hannun 'yan bindiga, bayan sun tare motarsu a hanyar Dogon Dawa. Ya dawo mana ƙafafu kamar sillen kara, barcinsa kuma ya baro shi can cikin daji. Ko kaza ce ta yi tari a garinmu Damari, sai ya zabura ya danne ƙofa. Ni da ɗakina ke jikin nasa na koma mujiya. A aji nake rama barcina, har malamin lissafi ya fara tambaya ko an yi mini sallar gawa.

Kawu, wan Innarmu, yana da kemis a bakin kasuwa. Bai taɓa shiga makarantar likita ba, amma wayarsa ta gama digiri uku. Wata rana ya shigo da ƙullin takarda yana waige-waige.

"Ƙanwata, a ƙasar Turawa likitoci da kansu ke rubuta wa sojojin da yaƙi ya firgita wannan ganyen."

Inna ta shinshina, ta ja da baya. "Wiwi? A gidana?"

"Wa ya ce ya sha? Ki barbaɗa a kasko kamar turaren wuta, ki tura masa ƙarƙashin gado."

Babu wanda ya tambayi mai ciwon. Ashe masu gadinsu a daji wiwin suke busawa, kuma da sun busa sai duka ya biyo baya. Bayan isha'i hayaƙin na taɓa hancin Yaya, sai ya fita ta taga, ya haure katanga. A gonar masara muka same shi, ƙafa ta gurɗe, hannuwa a sama, yana roƙon Inna kada ta harbe shi.

Washegari Kawu ya zauna teburin mai shayi yana ba da labari. Wai maganinsa ba shi da laifi, yaron ne ya haukace, mari kawai ya rage a sa masa. Kafin la'asar yara sun fara leƙen gidanmu, Yaya ya daina fitowa ko tsakar gida.

Inna ta ce a bar wa Allah. Na bar wa Allah rabi, na riƙe rabi.

Kullum bayan azahar Kawu kan ja ƙofar shago ya miƙe a benci, munsharinsa kamar injin niƙa. Na ɗauki kaskon nan dai na Inna, na cika shi da garwashi, na watsa busasshen barkono cikin tafin hannu biyu, na tura ƙarƙashin bencin. Na ja ƙofar, na tsaya gefe.

Ya fito kamar an harbo shi daga gwafa, hula a gabas, takalmi a yamma, majina har gwiwa. Atishawarsa ta farko ta kori awakin kasuwa gaba ɗaya.

"Wane ɗan banza ne? Wayyo idona!"

"Sannu Kawu," na ce. "A waya na gani. Turawa na yi wa masu dogon baki."

Da na koma gida na zayyana yadda aka yi, Inna ta ba ni muciya uku a baya, amma ta ukun ba ta da ƙarfi. Ina cikin ihun ƙarya muka ji wani sauti daga ɗakin Yaya wanda muka manta da shi. Dariya yake, har da riƙe ciki.

"Ke, shaiɗaniya, zo ki sake ba ni daga farko. Ina hular ta faɗi?"

Na ba shi sau huɗu, kowane karo hular na ƙara nisa. A nan ne ya gaya mana zancen warin nan da dukan, karo na farko, ya kuma ce a kai shi wurin likitan gaske a Kaduna. Yana cikin magana barci ya kwashe shi, kansa ya langaɓe a kafaɗar Inna, da rana kata. Muka yi tsit, har kazar gida na kama na rufe wa baki.

Kawu ba ya amsa gaisuwata har yau, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Sauran barkonon yana cikin gwangwani a ƙarƙashin katifata. Na mutanen daji ne.