Kwaɗin Cikin Bakin Baba

Shekara talatin da huɗu babana ya yi yana aiki a gidan rediyo, kuma ko sau ɗaya bai taɓa fitowa a mutum ba. Ya yi jaki, ya yi kura, ya yi ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, ya yi tsohuwar besfa mai tari. Sunansa Malam Mika'ilu, amma in ka shigo unguwar Kabara ka tambayi wannan suna, kallonka kawai za a yi. Ka ce Mika'ilu Kwaɗo, ko akuya ta nuna maka ƙofar gidanmu.

Ni ce Zaituna, 'yarsa ta uku, kuma ba wanda ya kai ni shan kunyar wannan sana'a. A makaranta in an tambayi aikin uba, wannan ta ce ɗan kasuwa, waccan ta ce tela, ni in ce ma'aikacin gwamnati in ja bakina in yi shiru. Sai wata 'yar baƙin ciki ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai babanta ne jakin nan na wasan ranar Asabar." Damben da na yi a kan jakin nan Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Ga yadda aikin yake. 'Yan wasan kwaikwayo suna tsaye suna maganarsu, shi yana gefe da nasa makirufon yana yi musu duk wata ƙara da ba ta mutum ba. Amma fa kada ka kuskura ka ce masa na gefe. "Ku cire ni ku ji," in ji shi. "Mutum biyu ne kawai suna surutu a cikin kwali. Wa ya gaya muku gari na mutane ne su kaɗai?" Ya sha rigima da masu shirya wasa a kan a ƙara wa jaki magana, wai tun farkon wasa ake loda masa kaya ba wanda ya nemi jin ra'ayinsa. Wata rana jarumin wasa na tsaka da rantse wa budurwa cewa ba zai taɓa kallon wata ba, sai Baba ya saki kukan jaki har sau uku, shiri kuma yana tafiya kai tsaye. An ba shi takardar gargaɗi. Ya amsa da layi ɗaya, ya ce jakin ne ya ji ƙarya ya kasa daurewa.

A gida ma haka muke fama. Da masu ƙidaya suka zo, sai da ya nemi a rubuta jemagun soro da janareto, wai ai shi ma janareton yana ci, yana tari, yana suma a tashe shi.

Asalin abin duk daga kududdufin bayan gidanmu ne. Yana yaro ya faɗo daga kan katanga a bakin ruwan nan, fiƙarsa ta hagu ta karye, ta yi wani ɗan kogo. Daga baya ya gano in ya dafa harshe a jikinta ya ja iska ta kogon, sai ka rantse gyare ne. In ya haɗa da maƙogwaro, ga kwaɗo. A bakin ruwan ya yi ƙuruciyarsa yana koyon kukan duk abin da ke ciki, 'yan uwansa na koyon ɗinkin hula. Kakanmu ya zane shi har ya gaji ya bar wa Allah.

Shekara goma sha biyu ke nan da wani alhaji ya saye kududdufin, ya yi ta kawo tifa ana juye ƙasa da shara, ya dasa shagunan sayar da waya a kai. Kwaɗin suka tafi, ba wanda ya san inda suka nufa. Ruwan ne dai bai tafi ba, duk damina sai ya shigo mana ɗaki neman gidansa. Tun daga nan babu inda kududdufin ya rage a duniya sai cikin bakin Baba, a jikin ruɓaɓɓen haƙori guda ɗaya.

Bayan ya yi ritaya, Nazeer, wani daraktan fim da ya tashi a layinmu, ya ɗauke shi zuwa situdiyo don ya ga sabon fim ɗinsa ya sa albarka. Na raka shi. Ana cikin kallo aka zo wani waje da ake nuna cikin gari bayan ruwan sama, kwaɗi na kuka. Baba ya miƙe tsaye.

"Tsayar! Wannan kwaɗon ɗan ina ne?"

Nazeer ya ce, "Baba, daga intanet muka sauko da shi."

"Na sani ai! Kwaɗon Turawa ne, ji yadda yake magana ta hanci. Kun sa kwamfuta ta faranta fatar yarinyar fim ɗin nan har uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba, na yi shiru. Yanzu kwaɗin ma sai an yi musu bilicin?"

Nazeer ya yi dariya har da riƙe ciki. Don ya lallashe shi, ya ce ai ya je wani taron masana a Legas, inda ake ta bayani cewa yanzu an gano ɗan Adam ba shi ne cibiyar duniya ba, dabba da ruwa da na'ura duk suna da bakin magana a fim da labari. Wai Baba ya riga su ganewa.

Baba ya ce, "Sai yanzu suka sani? Da sun tambayi sauro, da ya hutar da su kuɗin mota."

Nazeer ya roƙe shi ya zauna a naɗi nasa kwaɗin. Baba ya ce mutumin da ba ya bambance kwaɗon Kano da na Ingila ba zai ba shi amanar ko ƙadangare ba. Ya rantse ba zai ƙara taka situdiyon ba, kuma Baba in ya rantse, an gama.

Bara haƙorin ya tashi haiƙan. Ya sa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya ɗaure kai da rawani, duk a banza. Kuncinsa ya kumbura har idon hagu ya shige. Likita ta ce ko a cire shi, ko ƙwayar cutar ta shiga jini, ga shi da ciwon suga. Wata biyu Baba yana zille mana. Ranar da na same shi ya kasa haɗiye ko kunu, raina ya ɓaci.

Na ce, "Baba, wallahi ba za ka mutu ka bar mu saboda kwaɗi ba! Me za mu gaya wa mutane a wajen zaman makoki?"

Ya buɗe ido ɗayan da ya rage masa ya ce, "In an cire shi, ina za su koma?"

Na so in yi masifa, sai na ga da gaske yake tambaya. A nan muka yi sulhu: zan naɗe su duka a wayata, sannan ya bi ni asibiti.

Wayar sabuwa ce dal, na saye ta saboda sana'ata ta sayar da atamfa, kuma a shagunan nan na kan kududdufi na saye ta, Allah na tuba. Mai shagon ya nuna mini wani waje da in ka danna, wayar za ta share duk hayaniya ta bar murya tas. Ranar Talata da hantsi muka zauna a tsakar gida, injin markaɗen maƙociyarmu 'Yardada na ta ruri ta bayan katanga. Na ce a raina yau wayar nan za ta yi aikin kuɗinta. Na danna wajen, ban ko gaya wa Baba ba, ina jin kaina 'yar zamani.

Ya sa hularsa ta zuwa Juma'a, ya gyara zama, ya yi bisimilla. Sai ya ce, "Wannan Liman ne. Shi ke farawa in an ɗauke ruwa."

Ashe kowane kwaɗo da sunansa. Shekara arba'in ina gidan nan ban sani ba. Ya yi Liman, ƙato mai murya daga ƙasan ciki. Ya yi Ladan, mai siririyar murya da ke amsa masa. Ya yi Gwauro, wanda ke kira daga can gefe ba mai kula shi. Ya yi Dillaliya, wadda ba ta rufe baki. Ya yi gyare, ya yi kazar ruwa, ya yi balbela tana sauka. Kowanne sai ya faɗi sunansa tukuna. Duk jan iska ɗaya sai na ga hannunsa ya damƙe tabarma don zafi, hawaye na bin kumburarren kuncin, amma bai tsaya ba. Daga ƙarshe ya haɗa su duka a lokaci ɗaya, ban san ta yaya ba.

Na rufe ido, wallahi har warin ruwan nan sai da na ji. Ni da na yi ƙuruciyata ina ɓoye sana'ar mutumin nan, sai ga ni ina kuka kamar an aiko mini da mutuwa. Da na buɗe ido na ga 'Yardada tsaye a bakin ƙofa, hannunta duk ƙullu. Ashe tun kan Ladan ta kashe injin ta zagayo.

Minti arba'in da uku muka yi. Na kunna farkon don in tabbatar, na ji bisimillarsa ta fito garau, na kashe. Mai adaidaita na waje yana ta oda, Baba na rawar sanyi. Muka tafi. Ko minti goma likitar ba ta yi ba ta zare haƙorin.

Kwana huɗu bayan nan, kumburi ya saɓe, ya idar da la'asar ya ce, "Zaituna, kawo mini mutanena."

Na kunna. Muryarsa ta fito: "Wannan Liman ne. Shi ke farawa in an ɗauke ruwa." Sai shiru. Na ƙara murya har ƙarshe. Shiru. Can sai, "Wannan Ladan ne." Shiru kuma. Na ja gaba, na dawo baya. Wayar ta yi aikin da aka ce za ta yi. Ta bar duk abin da ta ɗauka mutum ne, har tarinsa da nishinsa, ta share sauran a matsayin hayaniya. A ranar na kai wa Nazeer ita a guje, ya duba ya ce tun wajen naɗa ta zubar da su, babu abin da za a dawo da shi.

Na dawo na durƙusa na gaya wa Baba abin da na danna. Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da buta. Bai yi ba. Ya dafa harshe a giɓin ya ja iska, ba abin da ya fito sai iskar. Ya sake gwadawa sau ɗaya, ya bari.

Sai ya ce, "Mayar farko."

Ya saurara har ƙarshe, minti arba'in da uku, kansa a sunkuye, yatsansa na kaɗawa a kan gwiwa a duk inda shirun yake. Da aka zo kan Gwauro ya girgiza kai.

"Wannan ban yi shi da kyau ba," ya ce. "Haƙorin ya matsa mini a nan."

Na ce, "Baba, bari in goge, ba zan iya ƙara jin abin nan ba."

Ya riƙe mini hannu. "Kul! Kada ki taɓa. Ke kin san wani wajen da aka rubuta sunayensu?"