Kibiyar Zuma da Allurar Rina

Shekarar da yayana Ɗan Bako ya fara rataye amya, Nasara bai iso ƙasarmu ba tukuna. Gidanmu na bakin tafkin Madarumfa, sanyi na saurin sauka, don haka da an cinye tuwo sai mu yara mu kewaye murhun Kaka mu jira tatsuniya.

Wata rana muna zaune Ɗan Bako ya shigo fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe. Ya hau gawon da ya sa amyoyinsa biyu ne, ya diro ba shiri.

"Zumar nan ba ta da mutunci," in ji shi. "Guda ɗaya ta bi ni tana harbi har bakin ruwa."

Kaka ta jawo kansa kusa da wuta, ta duba goshi da kunci da kyau. Ta ce, "Zamna, maigidana. Ga wata nan tahe, kuma taka ce."

Wai Zuma da Rina suka je wurin maƙeri neman makami. Zuma na da rumbu cike da zaƙi, ga 'ya'ya, sai ta roƙi kibiya mai kunne, wadda in ta shiga ba ta fita. Maƙeri ya ce da hanjinta zai ɗaure kibiyar, ranar da ta harba ranar za ta mutu. Ta yarda. Rina kuwa ta zaɓi allura sumul, ta soka, ta zare, ta sake sokawa yadda take so.

"Shi ya sa wanda Zuma ta harba zai ga kibiya a jikinsa," in ji Kaka. "Ya kankare ta da farce maza, kar ya matse, ya bar wurin, don warin na kiran 'yan uwanta. Rina ba ta barin komi sai raɗaɗi. Kai fuskarka ba kibiya ko ɗaya. Tahi da sahe ka dubi rassan itaccen nan."

Ɗan Bako ya miƙe. "Haba Kaka! Fuskata na ci da wuta, ke kina mini tatsuniyar yara?"

Ya fice. Muka yi ta jiran ta rufe tatsuniyar, sai kawai ta ce, "Ku tashi ku kwanta."

Gari na wayewa ya ɗauki karan dawa mai wuta ya cinna wa amyoyin. Da ciyawa da kashin shanu aka yi su, nan take suka kama. Geronmu bai yi kyau ba shekarar, da zumar nan Baba ke sa ran musanyo hatsi a Safo. Ina tsaye ta narke ta bi jikin gawo zuwa ƙasa. Da hayaƙi ya lafa na ɗaga kai, ga gidan rina can a reshen sama, ko baƙi bai yi ba.

Kaka ba ta sake yi mana tatsuniya ba har sanyi ya wuce.

Ni na tsufa cikin sana'ar amya, na sha harbin duka biyun, na koya wa samari da dama. Abin da ke cin raina har yau shi ne ba rashin sani ya ƙone zumar nan ba. An gaya wa Ɗan Bako sarai, zafi ne ya toshe masa kunne, ya huce a kan wadda hannunsa ke iya kaiwa. Bai taɓa yarda rina ce ta harbe shi ba kuwa. A ciwon ajalinsa na dama masa fura da zuma, ya shinshina, ya juya fuska bango, ya ce in fita da ita.