Duniya a Kan Tsofaffin Riguna

Shekarar da nake koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Bakura, shugaban makaranta ya ce kowane aji ya shirya abin da zai nuna wa iyaye ranar ba da hutu. Na ce mu taswirar duniya za mu zana, kowane yaro da ƙasarsa, amma duka a kan ƙyalle guda.

Ƙyallen ne ba mu da shi. Ɗiyar limamin unguwa ta kawo manyan rigunan babanta guda biyu, farare, sun tsufa har wuya ya fita. Muka farke su muka haɗe. Fenti kuwa daga gidaje ya fito: lalle, ruwan zoɓo, bula ta wanki, gawayi, jar ƙasa da aka dama da ƙaro. Asuwaki muka tauna muna shafawa da shi.

Da yake kowa Saudiyya yake so, sai na sa aka yi ƙuri'a. Wani ɗan mahauci ya ɗauko Indiya. Da ya ji yawancin mutanen can ba sa yanka saniya, ya ajiye asuwakinsa ya tambaye ni to me mahautansu ke ci. Na ce akwai awaki da tumaki. Sai ya cika ƙasar da shanu manya-manya, wai tunda ba mai taɓa su dole su yi ƙiba.

Akwai wata yarinya da aka kawo mana a tsakiyar zango. 'Yar Damaga ce, zaman ƙauye ya gagare su, ita da kakanta suka dawo wurin gwaggonta. Ba ta magana sai an tambaye ta. Ranar ƙuri'a ba ta zo makaranta ba, ƙasashen da na rubuta suka ƙare, sai na ba ta teku. Kwana uku tana durƙushe tana shafa bula, yatsunta duk sun yi shuɗi. A rana ta ukun ta ja bakin hijabina a hankali.

"Malama, ina Damaga take?"

Hankalina na kan wasu biyu da ke faɗa a kan iyakar Nijar da Chadi. Na ce mata Damaga ta yi ƙanƙanta, ko Bakura ba ta fito ba. Ta ce to, ta koma kan tekunta. Har na isa gida wannan "to" ɗin na damuna.

Washegari na iso da niyyar gyara abin, na tarar an riga ni. Ashe ɗan mahaucin ya ji mu. Ya samu mai Najeriya suka shirya, suka kama babban yatsan yarinyar suka tsoma a lalle, suka dangwala can sama ta hagu. Tambarin ya kusa cinye Zamfara duka har da Sakkwato. Daga nan kowa ya ce sai an sa garin kakanninsa, ɗaya Morai, ɗaya Maradun, har wurin ya cushe. Waɗanda ba su samu fili ba suka jera yatsunsu a gefen ƙyallen, suka zagaye duniyar kaf.

Ranar hutu muka rataye taswirar a jikin icen bedi, wato dalbejiya. Liman ya daɗe yana duba inda aljihunsa yake a da, yana murmushi. Kakan yarinyar ya zo a ƙarshe, dogon tsoho da sanda. Bayan mun gama gaisawa, ta ja hannunsa ta ɗora a kan tambarin ta gaya masa gida ke nan. Bai ɗauke hannun da wuri ba. Can ya miƙa sandarsa zuwa ɗaya ƙarshen, inda wani yaro ke tsaye kusa da ƙasar Sin.

"Ɗana, waɗannan na nesa, su ma noma su kai?"

Yaron ya ce e, Baba, shinkafa, kamar ta madatsar ruwan Bakolori.

"To Allah shi ba su damina mai albarka."

Yaran suka amsa da amin gaba ɗaya, har da iyayen da ke bayanmu. Yarinyar ta riƙe masa sanda ya gyara hularsa, sannan suka wuce ajin gaba kallon tukwanen da 'yan aji biyar suka gina.